Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Jan Biron Baba

Makon jiya mun tsaya a inda saƙo ya iso cewa na tsallake tantancewa, in zo a ɗauki shirin kacici-kacicin da ni. Yau ga labarin ranar. Amma kafin mu shiga ɗakin ɗaukar shirin, bari in nuna muku abin da ke cikin jakata, domin ba don shi ba da ko hanyar wurin ban sani ba.

Littafin rubutu ne mai baƙin bango, na Baba, Allah ya jiƙansa. Baba ba ya sauraron rediyo sai da biro a hannu. Duk abin da ya ji ya burge shi sai ya rubuta: babban birnin ƙasa kaza, shekarar da kaza ya faru, tsawon kogi, tsayin dutse. Da dare yakan zaunar da ni da Yaya ya yi ta jefo mana tambayoyi. Idan na ba da amsa daidai, ba ya barina haka, sai ya ce, "To Uwata, me ya sa?" A lokacin wannan "me ya sa" ɗin haushi take ba ni. Na ba da amsa, me kuma ake nema?

Biro biyu gare shi, shuɗi da ja. Shuɗin na sabon rubutu, jan na gyara. A shafin Jamus ya ja layi a kan Bonn ya rubuta Berlin, ya sa 1990 a gefe. A wani shafin ya soke Tarayyar Sobiyet, 1991. Ya soke Zayar ya rubuta Kongo, 1997. Adadin ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ya sha gyara har wurin ya kusa hujewa, na ƙarshe da ya bari shi ne 189. Bai riski 2006 ba, shekarar da masana taurari suka cire Pluto daga jerin manyan duniyoyi, don haka a littafinsa har yau duniyoyi tara ne ke zagaya rana. Wata biyu na yi ina bitar littafin nan kafin gasar. Na san wasu abubuwan sun canza, amma na kasa sa masa biro. Sai na riƙa rubuta gyarana a wata takarda daban: duniyoyi takwas, ƙasashen Majalisa 193.

Tsarin shirin irin na wanda aka fara a Ingila ne a 1998, wanda ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Tambayoyi goma sha biyar, kowacce da zaɓi huɗu, da damar neman taimako sau uku: a cire maka amsa biyu marasa kyau, ko ka tambayi 'yan kallo, ko ka kira wani a waya na daƙiƙa 30. An karɓi jakata a ƙofa, aka maƙala min makirufo a wuyan riga, aka zaunar da ni a kujera mai tsawo wadda ƙafata ba ta kai ƙasa sosai.

Wanda ke kallo a gida ba ya ganin abin da na gani. Fitilun nan zafi gare su, kuma suna hana ka ganin fuskar kowa sai ta mai gabatarwa. 'Yan kallo sun zama inuwa. Kiɗan da suke sawa a ƙarƙashin tambaya yana bugawa kamar zuciya, har ka rasa taka ce ko tasu. Na sha zama a gida ina cewa, "Haba, wannan ma tambaya ce?" Tun daga ranar ban sake faɗa wa kowa haka ba.

Na farko-farkon sun wuce ba wahala. Ƙasusuwa nawa ne a jikin babban mutum, 206. Wace shekara aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, 1945. Ta biyar ce ta fara sa ni murmushi: gaɓoɓin ƙashi nawa ne a wuyan raƙumin dawa? An sa 7, 12, 20 da 30. Ido zai ce wuya mai tsawo haka sai gaɓoɓi masu yawa, amma bakwai ne kacal, daidai da na mutum, kowacce gaɓa ce ta yi tsawo. Baba ya taɓa sa mu shafa bayan wuyanmu muna ƙirgawa.

Ta shida, babban birnin Ostireliya. Na ji wani daga cikin inuwar nan ya yi ƙus-ƙus da sunan Sidni. Ni kuwa abin da ya faɗo min labarin ne, ba sunan ba: manyan birane biyu, Sidni da Melbon, kowanne ya ce shi ya cancanta, sai aka raba gardama da gina sabon birni a tsakaninsu. Daga labarin sunan ya biyo, Kanbera. A nan na fara gane amfanin "me ya sa" ɗin Baba. Abin da na haddace kawai, fitilu suna neman kore min shi, amma wanda na san dalilinsa yana nan daram.

A ta bakwai na nemi a cire min biyu. Tambayar ita ce wace duniya ce ta fi zafi. Aka bar min Makyuri da Zuhura, wadda muke kira matar wata. Makyuri ta fi kusa da rana, kuma bakina ya kusa furta ta. Sai na tuna Zuhura a lulluɓe take da iskar kabon mai kauri wadda ke riƙe zafi ba ta barinsa ya fita, har ya haura digiri 460, ita kuwa Makyuri ba ta da lulluɓin da zai riƙe komai. Na ce Zuhura, aka tafa. A ta takwas 'yan kallo suka cece ni: wane ne cikin 'yan sama jannati uku na kumbon Apollo 11 bai taka wata ba a 1969? Na san Neil Armstrong da Buzz Aldrin sun sauka, amma sunan na ukun ya ɓace min ɓat. Mafi yawansu suka danna Michael Collins, wanda ya zauna a kumbo yana zagaya wata shi kaɗai. Na bi su, kuma sun yi gaskiya.

Sai ta tara. Mai gabatarwa ya gyara zama ya ce, "Malama, wace ƙasa ce ta fi kowacce faɗin ƙasa a nahiyar Afirka? Sudan, Aljeriya, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, ko Libiya?"

Wallahi rubutun Baba na gani ƙarara a idona, shafi na uku, da shuɗin biro. Sudan. Tambayar da ya fi yawan yi mana ke nan. Na buɗe baki, sai wani abu ya riƙe ni, ban san ko mene ne ba. Tambaya ta tara ba ta zuwa da sauƙi haka. Na ce a kira min Yaya.

"Yaya, ni ce. Wace ƙasa ta fi faɗi a Afirka? Sudan, Aljeriya, Kongo, Libiya."

"Haba ke kuwa! Sudan mana. Kin manta littafin Baba?"

"Ka tabbata, Yaya?"

"Ko daga barci aka tashe ni. Sudan ce, kada ki..."

Layin ya yanke. Ba sauran taimako. Mai gabatarwa ya ce, "Yayanki bai yi ko ɗar ba. In rufe a kan Sudan?"

Na roƙi ya ɗan ba ni lokaci. Na rufe ido, na bar shafi na uku, na koma kan 'yar takardar gyarana. 193. Daga 189 ɗin Baba zuwa 193 ƙasashe huɗu ne suka ƙaru, na kuma bi su ɗaya bayan ɗaya lokacin bita: Suwizalan da Timor ta Gabas a 2002, Montenegro a 2006, sai ta ƙarshe a 2011. Gabana ya faɗi. Sudan ta Kudu. Ranar 9 ga Yuli, 2011 ta ɓalle, ta tafi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar. Da hannuna na rubuta wannan, amma ban taɓa haɗa shi da shafi na uku ba, saboda shafin nan a wurina ba abin taɓawa ba ne.

To in ba Sudan ba, wace ce? Aljeriya da Kongo sun yi kusa ƙwarai, kowacce ta haura murabba'in kilomita miliyan 2.3, ido ba zai raba su a taswira ba. Nan ma littafin ne ya dawo min. Baba bai tsaya a ta ɗaya ba, jeri ya yi: Sudan, Aljeriya, sai Zayar da jan layinta. In ta ɗaya ta sauka, ta biyu ce za ta hau.

Abin da ya yi min nauyi shi ne furtawa. A gaban kyamara, Yaya yana jira, zan ce abin da Baba ya koya mana ba haka yake ba. Hawaye ya cika min ido. Mai gabatarwa ya zaci tsoro ne, ya ce in sha ruwa. Ina riƙe da kofin na tuna yadda Baba yake yi idan rediyo ta kawo sabon labari. Ba ya ɓata rai. Da murna yake cewa, "Uwata, miƙo min jan biron nan, duniya ta motsa."

Na ajiye kofin na ce, "Aljeriya."

"Kin saɓa wa yayanki?"

"Na saɓa masa. A rufe."

Ya yi shiru irin nasu na jan rai, yana kallona, kiɗan yana bugawa. Sai allon ya koma kore. Ban ji tafin sosai ba, kuka nake yi. Kafin ya karanto ta goma ƙararrawar ƙarewar lokaci ta kaɗa, aka ce sai washegari za a ci gaba da ɗauka.

Ina karɓar jakata na tarar da kiran Yaya har sau shida. Da na gaya masa, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Ashe haka ne. Ni fa na ga labarin a lokacin." Sannan ya tambaye ni ko jan biron Baba yana wurina. Na ce yana cikin jakar, amma tawadarsa ta bushe tuntuni. Ya ce zai zo min da sabo da safe, mu buɗe shafi na uku tare kafin in koma kujerar.

Tambaya ta goma a kan koguna ce, kuma ba ni da sauran wanda zan kira. Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.