Abin da binciken nano ya koya mini game da tallafin gwamnati

Haɗa ƙwayoyin nano na azurfa bai kai yadda sunan ke tsorata mutane ba. A ɗakin gwajinmu ganyen darbejiya muke tafasawa, mu tace, mu zuba ruwan cikin narkakken gishirin azurfa. Kafin a jima sai ruwan ya rine ya koma ruwan ƙasa, alamar ƙwayoyin sun fara samuwa. Wahalar tana wajen tabbatar da abin da ka haɗa. Da nanomita ake auna waɗannan ƙwayoyi, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, ido ba ya ganinsa, madubin gwaji na yau da kullum ma bai isa ba. Sai na'urar da ke haska abu da ilektiron ce za ta nuna maka girman ƙwayar da siffarta. In babu ita, duk abin da ka rubuta zato ne kawai.

A nan na gane inda kuɗin gwamnati ya fi amfani. Sayen na'ura shi ne ɓangare mai sauƙi, ana yin biki, a ɗauki hoto. Riƙe ta ne aiki. Na ga injin miliyoyin naira lulluɓe da leda don wani ɗan ƙarfe ya lalace babu kuɗin sayo wani, wanda aka horar a kansa kuma ya samu aiki ya tafi. Irin wannan na'ura ba ta jure ɗaukewar wuta, tana bukatar sanyi da tsabta kullum. Ɗalibai kuwa daga aljihunsu suke aika samfur ƙasar waje, su yi watanni suna jira, wani lokaci ƙwayoyin su dunƙule a hanya. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai, domin na san ƙwazonsu.

Ƙasashen da suka yi nisa tsari suka yi na dogon zango. Amurka ta ƙaddamar da shirinta na ƙasa kan fasahar nano a shekarar 2000, Iran ta kafa majalisa ta musamman a 2003. Wadda ta fi jan hankalina ita ce Afirka ta Kudu: bayan ta fitar da manufarta, a 2007 ta buɗe cibiyoyi biyu, ɗaya a CSIR, hukumarta ta binciken kimiyya da masana'antu, ɗaya a Mintek mai binciken ma'adinai, ta ɗora aikinsu kan matsalolinta kamar tace ruwan sha da gano cututtuka. Ta tattara kayan aiki wuri guda ta zuba musu ƙwararru.

Mu ma muna da inda za a ɗora harsashi, ga cibiyar kimiyya ta Sheda kusa da Abuja, ga NASENI, hukumar bunƙasa kimiyya da injiniyanci, ga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Da za a tambaye ni, da na ce a ware 'yan cibiyoyi kaɗan masu tsayayyar wuta, kowane ɗalibi ya nemi lokaci ya kawo samfurinsa a farashi mai sauƙi, a sa kuɗin gyara cikin kasafin kowace shekara, a kuma biya ma'aikacin da ke kula da injin albashin da zai zaunar da shi.