Kafin ka tura wa baƙo kuɗin tikitin Wimbledon

Ɗan ƙanwata da ya zo Landan karatun digiri na biyu ne ya miƙo mini wayarsa yana washe baki. "Kawu, duba ka gani, na samo mana." Wani mutum ne a intanet, wanda bai taɓa sa shi a ido ba, yake tallar tikiti biyu na Centre Court, babban filin gasar tanis ta Wimbledon, wai rangwame ya yi, amma sai an tura kuɗi kafin dare. Yaron har ya buɗe manhajar bankinsa. Na karɓi wayar na kife ta a kan tebur, na ce masa zauna.

Ni ma an taɓa yi mini wannan, a zamanin da Federer da Nadal ke cin karensu babu babbaka. Amaryata ba ta daɗe da isowa daga Kano ba, ni kuwa na riga na cika mata baki cewa Landan a tafin hannuna take. Ita tanis bai dame ta ba, ba ta ma san me ya sa ake ƙirga maki 15, 30, 40 ba. Ni ne na nace sai na kai ta inda 'yan gidan sarautar Ingila ke zama. Tikiti babu, domin ban shiga ƙuri'ar da ake yi watanni kafin gasar ba. Na ce mata idan mun je za a samu.

Muka hau jirgin ƙasa na layin District, muka sauka a tashar Southfields. Ba mu yi nisa ba wani mutum mai tsaf-tsaf, sanye da kwat, ya matso yana tambaya ƙasa-ƙasa ko akwai mai neman tikiti. Na tsaya. Muka yi ciniki, har na ji daɗin kaina da na sa ya rage. Abin da na ƙirga masa ya kusa kuɗin hayar ɗakinmu na wata. A bakin ƙofa mai duba tikiti ya juya takardar, ya kira wani, suka yi 'yar magana, sannan ya ce mini cikin ladabi tikitin an ba wa wani ne, ba a sayar da shi ga kowa, don haka ya zama banza. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Muka juyo ta Church Road, jama'a na tururuwar shiga, mu muna fita. Ba ta ce uffan ba sai da muka zauna a jirgi: "Maigida, ai da a talabijin muka kalla."

Na daɗe ina ba kaina uzuri, kuma har yau ban yarda laifina ne duka ba. A gida haka muka taso: idan layin mai ya yi tsawo, akwai 'yan bumburutu a gefen titi, ka ƙara kuɗi ka wuce abinka, man kuma ya yi aiki. Wa ya ce mini nan ba haka ba ne? Sannan ku duba lissafin. Centre Court ba ya ɗaukar fiye da mutum 15,000 ko kusa da haka, duniya kuwa duk tana so. Ƙuri'ar jama'a da ƙungiyar All England, mai shirya gasar, ke yi tun 1924 sa'a ce zalla: ko ka ci, ba kai ke zaɓar rana ba, ba kai ke zaɓar fili ba. Mutumin da ya yi wa amarya alkawari ya zai yi?

To amma ƙarya nake yi idan na ce rashin sani ne kaɗai. Sharaɗin na rubuce a jikin tikitin, ban karanta ba. Kuma a hanyarmu na ga dogon layin mutane a dandalin Wimbledon Park, wasu da tantunansu, har na yi musu dariya a zuci, na ce ni da digirina da babbar rigata ba zan tsaya a ciyawa ina jiran kati ba. Su suka shiga suka kalli wasa ranar. Girman kai ne ya ci mini kuɗin haya, ɗan damfarar hannu kawai ya miƙo. Ko da yake shi ma Allah ya isa.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, sai na ga ba su da yawan. Kada ka sayi tikitin Wimbledon a hannun mutum, ko a titi ko a intanet, ko da ya turo maka hoton fasfonsa. Iri ɗaya ne kawai aka halatta a sake sayarwa, wato na masu debenture, waɗanda suka sayi haƙƙin kujera na shekara biyar. Na Centre Court na 2026 zuwa 2030 an sayar da kowane ɗaya fam 116,000. Wanda ya zuba wannan kuɗi ba zai yi maka rangwame ba. Da ka ji araha, ka san da walakin. Yanzu ma tikitin a manhajar waya yake, ana iya neman katin shaida mai hoto a ƙofa, to hoton tikiti da wani ya turo maka ta WhatsApp me zai yi maka?

Ka shiga ƙuri'a. Kyauta ce, ana buɗe ta a shafin gasar tun watanni kafin ƙarshen Yuni ko farkon Yuli da ake fara wasa. Ku da ba kwa ajiye waya ko wajen cin abinci, cike fom ɗin nan ne ya gagare ku? Idan ba ka ci ba, ka bi layi. Kowace rana ana ware tikiti kusan 500 na Centre Court ga 'yan layi, ban da kwanaki huɗu na ƙarshe, akwai kuma na fili na 1 da na 2. Ana ba ka kati mai lamba, mutum ɗaya tikiti ɗaya, ba a kama wa aboki wuri. Mai son babban fili sai ya kwana a tanti, a tashe shi da sassafe.

Ni dai ban ce ka kwana ba. Ɗalibi mai jarrabawa a gaba ya je ya kwanta a ciyawa mai raɓa don ƙwallo, uwarsa ta ji ta ce ni na sa shi. Amma idan ba yanzu da ƙashinka ke da ƙwari ba, yaushe? Ka kwana ɗin. Ka dai tafi da bargo da darduma, asuba a Landan lokacin bazara tana yi tun ba ka gama juyi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yawancinku ba tanis kuke so ba, hoto kuke so, a gan ku a Centre Court a Instagram. Na tambayi yaron nan ko ya san ɗan Nijeriya ya taɓa kaiwa zagaye na huɗu a gasar nan, Nduka Odizor a 1983, ya yi zuru. Eh, na sani, ni ma burga ce ta kai ni, amma ni aƙalla na san wanda ke bugawa. Mai son wasa da gaske ya sayi tikitin shiga harabar kawai, wanda a 2025 fam 30 ne a kwanakin farko. Da shi za ka zauna dab da 'yan wasa a ƙananan filaye, har ka ji numfashinsu. Da yamma kuma ana sake sayar da kujerun waɗanda suka tafi gida da wuri, na Centre Court fam 15 a 2025, kuɗin na tafiya ga ayyukan jinƙai.

Jaka ɗaya aka yarda ka shiga da ita, kada ta wuce santimita 40 da 30 da 30, kuma ba mai tauri ba. Sandar ɗaukar hoto an hana, ku ji da kyau. Abinci kuwa ka zo da naka daga gida, an yarda, na ciki da tsada. Kuma ka je a makon farko, lokacin da ƙananan filayen ke cike da wasa tun ƙarfe 11 na safe.