Injin Busar da Kaya da Gobarar da Ke Ɓoye a Bututunsa

A garin da rana ke busar da shanya kafin la'asar, mutum zai yi zaton babu mai buƙatar injin busar da kaya. Amma duk wanda ya yi watan Agusta a Kaduna ya san yadda kayan makarantar yara ke kwana biyu a kan igiya ba su bushe ba, shi ya sa injin ya fara shiga gidaje a Barnawa da Malali da Unguwar Rimi, ban da otal-otal da shagunan wanki da guga. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu saye suna tambayar wutar da yake ci, ba sa tambayar inda iskarsa take fita.

Aikin injin ba shi da wuyar fahimta. Yana zafafa iska, ya tura ta cikin kayan da ke juyawa, sannan ya fitar da ita ta bututu tare da danshi da burbushin zaren da ke zuba daga tufafi. Ragar da ke bakin ƙofa tana tare wani ɓangare na burbushin, sauran kuma ya wuce ya manne a jikin bututu, musamman a wurin lanƙwasa. Idan hanya ta ƙuntata, zafi sai ya taru a ciki, alhali burbushin nan busasshiyar auduga ce mai saurin kamawa da wuta. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga 2008 zuwa 2010 an riƙa samun gobarar irin wannan inji kusan 2,900 a gidajen ƙasar duk shekara, kuma rashin tsabtacewa shi ne kan gaba a dalilai, kimanin kashi 34 cikin ɗari. A Landan ma, gobarar da ta tashi a wani dogon bene a Shepherd's Bush a watan Agustan 2016 daga injin busar da kaya ta faro.

Halinmu a nan ya ƙara wa lamarin nauyi. Da yawa daga injinan kayan Beljiyam ne, sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa, kuma idan mai gyara ya kwance murfin baya za ka ga burbushi toka-toka ya yi kauri kamar bargo a kusa da abin da ke zafafa iskar. Gidajenmu kuma ba a gina su da wannan inji a rai ba, saboda haka sai a kira mai aiki ya fasa bulo, ya saka tiyon roba mai lanƙwashe-lanƙwashe domin shi ne mai araha. Wannan tiyo yana riƙe burbushi a kowane tsagi, yana murƙushewa idan an tura injin jikin bango, kuma yana narkewa idan wuta ta kama. Abin da ya dace shi ne bututun ƙarfe mai santsin ciki, mai faɗin inci 4, gajere kuma miƙaƙƙe gwargwadon iko, wanda ya fita har waje, ba cikin silin ko sito ba.

Akwai kuma batun raga. Tsoron sauro da ɓeraye da ƙadangaru yana sa a rufe bakin bututun na waje da ragar taga, wadda burbushi ke toshewa cikin ɗan lokaci, ƙurar hunturu kuma ta zo ta ƙarasa aikin. Murfi mai marfin da iska ke ɗagawa, ya koma ya rufe da kansa, shi ya fi. Ko da shi ɗin, a riƙa leƙawa, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a irin wannan lungu.

Ragar cikin injin dai bayan kowane zubi ake share ta, kuma ba ta cin minti ɗaya. Bututun kuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, ni a ganina kafin damina ta kankama. Masu shagon wanki da injinsu ba ya hutawa su fi haka yawa. A cire filogi, a rufe gas idan mai gas ne, a janye injin, a kwance bututun, a share shi da dogon buroshi, sannan a mayar da komai yadda yake, a tayar da injin, a tsaya a waje a tabbatar iska na fita da ƙarfi. Idan kaya sun fara buƙatar zagaye biyu kafin su bushe, ko jikin injin ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko ana jin ƙauri, to kada a jira shekara ta cika. A injin gas, bututun da ya toshe yana iya mayar da iska mai guba marar wari cikin ɗaki.

Tsumman da aka goge janareto da shi, ko rigar da fetur ko man gyaɗa ya jiƙa, kada su shiga injin ko da an wanke su, a shanya su a igiya. Kuma na san sau da yawa cikin dare ake kawo wuta, uwargida ta yi maza ta zuba kaya ta koma ta kwanta. Gara kayan su kwana da danshi a tayar da injin lokacin da wani babba yake gida idonsa biyu.