Ƙari a harshe: zurfin yanka ke raba gardama

Kafin in ɗauki wuƙa a kan kowane kumburi na cikin baki, nakan fara danna shi da ɗan falalen gilashi. Idan jansa ko shuɗinsa ya koɗe, jijiyoyin jini ne suka cunkushe a wurin, kuma ba a yanka irin wannan a kujerar cire haƙori, don jinin na iya ƙin tsayawa. Mai laushi kuma, launin rawaya, a cikin kunci, yawanci ƙari ne na kitse. Shi ba ya ba da wahala, yana ɓarewa daga jikin nama, in an jefa shi cikin fomalin, ruwan da ake ajiye naman gwaji a ciki, ma sai ya taso sama.

Wanda ya fi buƙatar natsuwa shi ne ƙarin da wani likitan Rasha, Abrikossoff, ya bayyana a 1926. Ya fi fitowa a harshe, tauri gare shi, ba ya ciwo, ba kasafai yake wuce santimita 2 ba. Asalinsa ƙwayoyin da ke lulluɓe jijiyar ji ne, kuma ba shi da jaka, yana kutsawa tsakanin zaren tsoka. Tarkon yana saman sa: fatar da ta rufe shi kan yi kauri ta zura yatsu ƙasa, ta yi kama da ciwon daji (kansa) a madubin awo. In aka yanko sama-sama, likitan nazarin nama fatar kawai zai gani, yana iya rubuta cewa ciwon daji ne, a yanke wa mutum sashen harshe a banza. Saboda haka nakan nutsa wuƙa har cikin tsoka, in rubuta a takardar gwaji abin da nake zargi, in nemi a yi rinin S-100, wanda ke kama wannan ƙari.

Allurar kashe zafi, lidoken kashi 2 cikin 100 mai adrenalin, a gefe nake yin ta, ba a cikin ƙarin ba, don ruwan yana kumbura nama ya ɓata siffarsa. Sai in soka zare a bakin harshe a ja shi waje. Yankan mai siffar ido ne, tsawonsa ninki uku na faɗinsa, don bakin raunin ya haɗu ba tare da tattarewa ba. Ba na damƙe naman da hantsaki mai haƙora, ba na kuma yanka shi da wuƙar lantarki, domin ƙuna tana hana a karanta gefensa. Fomalin kashi 10 cikin 100, yawansa ya ninka naman sau goma. Harshe ba ya zama wuri ɗaya, don haka ɗinki hawa biyu nake yi da zare mai narkewa, ciki da waje, in ba haka ba ƙullin zai kwance.

Idan kuwa ƙananan ƙuraje masu tauri ne da yawa a leɓe da gaban harshen yaro, ba cirewa ce damuwa ta farko ba. Suna iya zama alamar ciwon gado na MEN 2B, mai zuwa da kansar tayroid (ƙullin nama da ke gaban wuya) tun ƙuruciya, sai a tura shi gwajin kalsitonin (sinadarin da tayroid ke fitarwa cikin jini) da na ƙwayar gado ta RET.