Rokata ta Farko da Gwajin Zare

Ina ɗan shekara goma sha huɗu na haɗa rokata ta farko: bututun kwali mai tsawon santimita 30, da hanci na roba, da fika-fikai uku na katakon balsa. Takardar umarni ta nuna girman fika-fikan, amma ni a idona sun yi faɗi da yawa, sun ɓata mata kyau. Na ɗauki wuƙa na rage su, na kuma lafta fenti har sau huɗu a gindinta. Kwana biyu ina kallonta ina jin daɗi.

Ranar harbawa na zura ta a sandar ƙarfen da ke saita ta, na maƙala wayoyin kunnawa, na ja da baya mita biyar kamar yadda ƙa'ida ta ce, na ƙirga daga biyar zuwa ɗaya, na danna. Tana barin sandar sai ta fara wuntsila gudi-gudi a sama, ta yi ta juyi kamar kazar da aka yanka, ta faɗo cikin ciyawa tana hayaƙi. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Wani dattijo a ƙungiyarmu ta masu harba ƙananan rokoki ya ɗauko ta, ya jujjuya, ya ce, "Yaro, ka gwada ta da zare kuwa?"

Na ce, "Wane zare, Baba?"

Ya sa mata sabon inji, ya ɗora ta a kan yatsa har ya gano inda ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina, ya ɗaure zare a nan, ya fara juya ta a saman kansa. Maimakon hancinta ya shiga gaba, sai ta riƙa tafiya da gindi. Nan ya yi mini bayanin da har yau nake aiki da shi. Roka tana da cibiya biyu: inda nauyinta ya daidaita, da inda turin iska ya haɗu a jikinta. Dole cibiyar nauyi ta kasance gaba da ta iska, da tazarar da ba ta gaza faɗin bututun ba. Da na rage fika-fikai, na janyo cibiyar iska gaba. Da na jibga fenti a baya, na mayar da nauyi baya. Laifi biyu a lokaci guda, duk don kwalliya. Ɗan curin laka da ya cusa cikin hancin, da sababbin fika-fikai, su suka gyara komai.

Injin kuwa saye ake yi, sau ɗaya ake amfani da shi. Na daɗe ban fahimci rubutun da ke jikinsa ba, irin su B6-4. Harafin yana nuna jimillar ƙarfinsa, kuma kowane harafi yana ninka na bayansa: B ninkin A ne, C ninkin B. Lambar 6 matsakaicin turinsa ce, 4 kuma daƙiƙun da zai jira bayan wuta ta ƙare kafin ya tunkuɗo laimar sauka. Akwai lokacin da na so in haɗa nawa makamashin, amma Baba ya hana ni da kakkausar murya. Ya ce ai irin wannan inji da Orville Carlisle ya ƙirƙiro a Amurka shi ne ya taimaka wajen raba yara da wannan kasadar a shekarun 1950, lokacin da matasa ke jikkata wajen cusa sinadarai cikin bututun ƙarfe. Ban ƙara tayar da maganar ba.

Harbawa ta biyu ta miƙe sak har na kusa daina ganinta. Sai dai na manta da takardar kariya da ake cusawa tsakanin inji da laima, zafi ya narkar da ledar, ta dunƙule. Rokar ta faɗo da ƙarfi, fiffike ɗaya ya karye, gam ya mayar da shi.

A ta uku laimar ta buɗe sosai, ja da fari, tana lilo a hankali. Iska ce ban lissafa ba. Na bi ta da gudu har ƙarshen filin, na tsaya ina haki ina kallo ta sauka a kan reshen wata doguwar bishiya. Bayan wata biyu na sake wucewa, tana nan rataye, rana ta koɗar da fentin nan nawa guda huɗu.