Yadda Na Karɓo Kuɗina Daga Hannun Gwamnatin Amurka

Sana'ata a nan Amurka sayen tsofaffin motoci ce, in gyara in sayar. Da yawa daga masu sayar da motarsu hannu da hannu ba sa karɓar cek daga baƙo, sai tsaba. Shi ya sa ranar da abin ya faru nake ɗauke da dala 18,400 a cikin ambulan, na ɗaure su dubu-dubu da roba. Robar nan ma daga baya sai da ta shiga rahoton ɗan sanda, wai haka dillalan ƙwaya suke ɗaure nasu.

A babbar hanya ɗan sandan ya tsayar da ni, ya ce na matse motar gabana. Ya duba lasisi, sannan ya tambaya kamar hira: akwai makami, ko ƙwaya, ko kuɗi masu yawa? Na ce akwai kuɗi. Ban ga abin ɓoyewa ba, don yawo da tsaba a cikin ƙasar ba laifi ba ne ko nawa ne. Dokar bayyana abin da ya haura dala 10,000 ta mai tsallake iyaka ce. Aka kawo kare ya zagaya motar, aka ce ya ji wari. Aka birkice ko'ina, ba a sami komai ba. Suka ƙirga kuɗin a kan bonet, iskar manyan motoci tana neman kwashe su, suka miƙo takarda in sa hannu cewa na sallama, in kama hanyata. Jikina na rawa, amma na ƙi. Suka ba ni rasit, suka tafi da ambulan. Ni kuwa ko takardar tara ba a rubuta mini ba.

Na yi makonni ina tambayar laifina kafin wata lauya ta fahimtar da ni cewa ba ni ake tuhuma ba, kuɗin ake tuhuma. Ta nuna mini wata shari'a ta 2006 mai suna Amurka da Dala 124,700, na yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Tunda ba shari'ar laifi ba ce, gwamnati ba ta ba ka lauya kyauta, kuma rinjayen hujja ya ishe ta, wato hujjarta ta ɗan fi taka nauyi kawai. Sannan idan 'yan sandan yanki suka miƙa abin ga hukumar tarayya, kamar yadda aka yi da nawa, har kashi 80 cikin 100 yana iya komawa asusunsu. An ba kura ajiyar nama ke nan.

A mako na goma wasiƙar hukumar ta iso. Dokar gyara ta shekarar 2000 ta ba su kwana 60 su sanar da kai, ko 90 idan 'yan sandan jiha ko na yanki ne suka fara ƙwacewa. A cikin wasiƙar akwai hanya biyu, kuma a nan na kusa yin asara. Ɗaya roƙon sassauci ce, ɗaya da'awar mallaka. Ta farkon ta fi kama da tarbiyyata: ka rubuta cikin ladabi, ka bayyana gaskiyarka, a tausaya. Har na cika shafi biyu. Lauyar ta karanta ta ajiye, ta ce idan roƙo kaɗai na aika, hukumar da ke riƙe da kuɗin ita za ta yanke hukunci, kuma wa'adin da'awa, wanda doka ta ce ba zai gaza kwana 35 daga aiko wasiƙar ba, zai wuce ina zaman jira. Yana wucewa kuɗi sun zama nasu ba tare da alƙali ya gan su ba. Da'awa kuwa, wadda ake yi bisa rantsuwa, tana ɗaure su: cikin kwana 90 ko su kai magana kotu, ko su mayar.

Muka haɗa takardar cire kuɗi ta banki, saƙonnin da muka yi da mai motar, lasisin dillanci da takardun haraji na shekara biyu, muka shigar da da'awa. Da adashi ne ko ajiyar ƙarƙashin katifa, da ban san abin da zan nuna ba.

Cikin jiran na karanta inda Kotun Ƙoli ta shata iyaka. A 1998 ta hana a cinye dala 357,144 na wani mutum mai suna Bajakajian don kawai bai bayyana su a filin jirgin sama ba, ta ce tarar ta wuce kima. A 2019 ta ce wannan kariyar ta hau kan jihohi ma, a shari'ar Tyson Timbs, wanda jihar Indiyana ta ƙwace wa Land Rover ta dala 42,000 alhali tarar laifinsa ba ta wuce 10,000 ba. Amma a 2024 ta ce ba dole ba ne a yi maka zaman gaggawa kan ko za ka riƙe kayanka kafin shari'a. Iyakokin suna nan, sai dai suna can ƙarshen hanya, kuma wanda aka karɓe wa dala 900 ba zai ɗauki lauyan dubbai ya isa can ba. Jihar Niyu Meziko dai ta soke wannan tsari na cinye dukiyar mutum ba tare da an same shi da laifi ba a dokarta tun 2015.

Saura kwana shida wa'adinsu na kwana 90 ya cika suka kira lauyata: za su mayar, in na sa hannu ba zan yi ƙararsu ba. Na so in ja, ta ce da kotu ce ta ba ni nasara gwamnati za ta biya kuɗin lauya, amma tunda don kansu suka sako, wannan a wuyana yake. Na sa hannu. Wata bakwai bayan tsayarwar kuɗin suka shigo asusuna, na cire dala 4,000 na ba ta. Motar da na je saye kuwa tun a makon farko wani ya ɗauke ta.