Dekin ƙarfe da katako: yadda muke haɗa shi a Legas

Daga Lekki zuwa Ajah ƙasar yashi ce da fadama, duk nauyin da ka ɗora wa gini a harsashi za ka biya kuɗinsa. Dekin kankare mai kaurin milimita 150 yana kai kilo 360 a kowace murabba'in mita. Allon katako da ake kira CLT, mai hawa biyar, kaurin milimita 160, bai wuce kilo 80 ba. Shi ya sa muke shimfiɗa shi a kan bim na ƙarfe, wato dogayen ƙarafan da ke ɗaukar nauyin bene.

CLT katakai ne da ake jerawa hawa-hawa, wannan a tsaye wancan a gicciye, a manne da gam a matse a inji. A Ostiriya da Jamus aka fara shi a shekarun 1990, namu kuma ta tashar jiragen ruwa ta Apapa yake shigowa, danshinsa kusan kashi 12 cikin ɗari.

Irin wannan bene ba karyewa ce matsalarsa ba, rawa ce. Rashin nauyi yakan sa yaro ya ruga a falo kofi ya motsa a kan tebur. Injiniya yana lissafi don ya tabbatar kaɗawar benen ta wuce sau 8 a daƙiƙa, mu kuma namu aikin yana wajen haɗi. Muna huda leɓen bim na sama, mu ɗaure allon da dogayen sukurori a tazarar da zane ya nuna, har ƙarfe da katako su riƙa lanƙwasa tare kamar abu ɗaya. Bisa allon sai shimfiɗar roba, sannan siminti milimita 50, don kashe ƙarar takun ƙafa.

Nan ake samun mai gida ya ce, "Malam, a rage sukurorin nan mana, ai sun yi yawa." Ranka ya daɗe, in an rage, allon zamewa zai riƙa yi a kan ƙarfen, benen ya lotsa a tsakiya. Ga kuma masu manna ɗanyen katakon kasuwa da gam ɗin kafinta su kira shi CLT. Damina ɗaya ya ɗaye.

Gobara ba ta cin allon da sauri, kusan milimita 0.65 a minti, gawayin ma yana kare cikin. Ƙarfen ne abin tsoro, don wajen digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, saboda haka muna rufe shi da fentin hana wuta. Iskar teku kuwa tana cin sukurin da ba a yi wa rufin hana tsatsa ba. Bakin allo, inda yake shan ruwa, muna shafe shi tun ranar da aka buɗe kwantena, a sa maganin gara, a ɗora a kan waigi, a ja tamfol.